Agogon zafin giya a motar a-kori-kura: amfaninsa da yadda ake saka shi

Allurar zafi da ke gaban direba a yawancin motocin a-kori-kura zafin ruwan inji kaɗai take nunawa. Ba ta faɗin halin da akwatin giya ke ciki, alhali zafi na cikin manyan abubuwan da ke kashe giya mai sauya kanta, wadda aka fi sani da otomatik. Shi ya sa masu ɗaukar kaya da masu doguwar tafiya ke ƙara wani agogo na daban, haɗe da 'yar na'urar jin zafi da makanikai ke kira sensa.

Batun ya shafi masu motoci irin su Toyota Hilux a arewacin Najeriya da Nijar, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40 a ma'aunin Salshiyos, kuma akan yi wa mota lodi a bi da ita cikin yashi ko cunkoso. Gyaran giya otomatik na daga cikin mafi tsada a jikin mota, ko ta ɗan kasuwa ce ko ta ma'aikatar gwamnati da aka saya da kuɗin jama'a.

Daga ina zafin yake fitowa?

A giya otomatik, mai ne ke isar da ƙarfin inji zuwa giya ta cikin wani dunƙulallen ƙarfe da ake kira kwanbata. Idan kaya ya yi nauyi ko mota na hawan tudu a hankali, man yakan yi ta guguwa a ciki, zafinsa ya tashi. Daga nan yake bi ta bututu zuwa lagireto ko wata na'urar sanyayawa, sannan ya koma.

Lafiyayyen zafin man giya yakan tsaya tsakanin digiri 80 zuwa 95. Idan ya kai wajen 120 ya daɗe a haka, man yakan fara ƙonewa, robobin da ke tare mai su taurare, daga bisani farantan kulocin ciki su soma sulɓewa.

Ina ake ɗaura sensar?

Wurin da aka ɗaura ta shi ke yanke ma'anar lambar da agogo zai nuna. Wurare uku aka fi amfani da su.

Na farko shi ne kaskon da ke ƙasan giya, inda mai ke taruwa. Akan kwance shi, a huda, a yi waldar mazaunin sensa, ko a sayi kasko mai mazaunin tun daga kamfani. Nan ne ake samun zafin man da giya ke zuƙa, sai dai allura takan yi jinkirin motsi.

Na biyu shi ne bututun da ke fitar da mai zuwa lagireto. Akan yanka shi a sa mahaɗa mai baki uku. A nan mai ya fi zafi, don haka gargaɗi kan zo da wuri, amma lambar takan yi sama ta yi ƙasa har ta tsorata wanda bai saba ba. Wajibi ne a tantance bututun fita da na komowa, domin na komowa sanyayayyen mai yake ɗauke da shi.

Na uku shi ne ramin gwajin matsin mai da ke jikin wasu akwatunan giya. Shi ya fi sauƙi, tunda noti kawai ake cirewa. Illarsa ita ce mai bai cika gudana a wurin ba, kuma doguwar sensa na iya taɓa kayan ciki.

Matakan aikin

Ana barin mota ta huce, a cire wayar batir ta ɓangaren nagatib, a ɗaga motar a kan matokaran ƙarfe, ba jak kaɗai ba. Kafin ɗauri ana duba ko zaren sensar ya dace da na ramin. Yawancin waɗanda ake sayarwa zarensu 1/8 NPT ne irin na Amurka, wanda ba lallai ya dace da motocin Japan ba sai da mahaɗa.

Sensa mai waya ɗaya ta jikin ƙarfen da aka ɗaura ta take kammala zagayen lantarki. Nannaɗe zarenta da farin tef da yawa kan yanke wannan haɗi, agogo ya riƙa faɗin ƙarya. Wayar kuma ana bi da ita nesa da salansa, a shigar da ita cikin mota ta ramin da ke da roba don kada ƙarfe ya yanke ta.

Shi kansa agogon ana ba shi wuta ta fis daga layin da ke kamawa idan an murɗa makulli, don kada ya shanye batir. A ƙarshe ana cika man da ya zube da irin wanda kamfanin motar ya ayyana, a tayar da inji, a duba yoyo.

Wasu motocin ba su buƙatar huji ko yanka, domin suna da sensa a cikin giya tun asali. Ana iya karanta ta da na'urar da ake soka wa a kafar OBD-II da ke ƙarƙashin sitiyari, kafar da aka wajabta wa motocin Amurka tun 1996.

Idan allura ta haura

Agogo ba ya sanyaya giya, sanarwa kawai yake yi. Idan zafi ya yi yawa, direba ya sauka gefen hanya, ya sa giya a P, ya bar inji na aiki domin mai ya ci gaba da zagayawa ta lagireto. A tudu ko yashi, saukowa ƙaramar giya na rage wahalar kwanbata. Idan kuwa allurar ta mayar da haurawa al'ada, lokaci ya yi da za a duba man, a rage lodi, ko a ƙara na'urar sanyaya mai ta daban.