Asalin Alkaki

In ka shiga Funtuwa ko Malumfashi ana saura kwana huɗu azumi ya ƙare, hancinka zai gaya maka Salla ta ƙarato tun ba a ga wata ba. Ƙamshin man gyaɗa da na alkama ne ke tsallako katanga. Mata na cikin gida suna tuyar alkaki.

Ga shi kuwa ƙasar ba ta alkama ba ce. Daga Bakori zuwa Ƙafur, daga Ɗandume zuwa Ɗanja, abin da ido ke gani da damina dawa ce da masara da auduga, sai rake a fadama. To, daga ina alkaki ya fito?

Sunansa shi ya tona asirinsa. Larabawa suna da wani abin marmari na garin alkama da suke kira "alka'ak". Da kalmar ta shigo bakin Bahaushe, sai ya tausasa ta, ta koma alkaki. Ita kanta alkama sunanta na Larabci "alƙamh", alkubus kuma daga "alkhubz" ne, wato gurasa. A Masar, sarakunan Faɗimiyya da suka gina Alƙahira a 969 har gida suka keɓe, ana ce masa Darul Fiɗra, inda ake shirya kayan zaƙin da za a raba wa jama'a ranar Ƙaramar Salla. Har gobe Misirawa ba sa Salla sai da wannan abin marmari, sai dai nasu a tanderu ake gasa shi, a barbaɗa masa garin sukari.

Hanyar da ya biyo kuwa, mafi ƙarfin zato ita ce ta ayari: daga Tarabulus zuwa Gadamas, zuwa Gat, zuwa Agadas, a sauke kaya a Katsina ko Kano. Fataken Larabawa kan yi shekaru a zaune, su yi aure, su kuma nemi abincin da suka saba da shi. Baturen nan ɗan Jamus, Barth, ya tarar da irinsu a biranen biyu a 1851.

Amma alkama 'yar gata ce. Ba ta son zafi. Sai hunturu ya kama a shuka ta a lambu, a yi ta ban ruwa, a da can da jigo, guga bayan guga, har wata uku ko huɗu. Abin da aka samu da irin wannan wahala ba a tuƙa tuwon yau da kullum da shi. Don haka aka ajiye ta don manyan ranaku: Salla, suna, da garar amarya.

Abin da ya fi burge ni shi ne abin da iyayenmu mata suka yi da wannan baƙo. Ba kowane gida ke da tanderu ba, amma ko'ina akwai kasko da mai. Sai suka bar gashi, suka koma tuya. A wanke alkama, a shanya, a ɓarza ta, kada ta yi laushi kamar fulawa. A murje ta da mai har ko'ina ya samu, a kwaɓa da tauri, a rufe ta kwana ta yi ɗan tsami. Da safe a buga a turmi sai ta yi danƙo. Sa'an nan a zauna a tabarma, uwa da 'ya'ya da maƙwabta, kowa ta gutsira, ta murza ya yi tsawo kamar igiya, ta naɗe shi ya harɗe. A nan ake gane gwana, don na 'yar koyo warwarewa yake yi a cikin mai. Wuta kuma kaɗan ake sa masa. In ka ji Goggo ta ce, "Ke 'yar nan, janye itacen nan!" to ta ga baya zai yi ja alhali ciki bai soyu ba.

Da an tsame, sai a tsoma shi cikin zuma. Sukari daga baya ya yawaita, bayan da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kayan kanti suka samu hanya. Mai dafa sukari takan sa ruwan tsamiya ko lemun tsami don kada ya ƙanƙare. Ni dai na zuma ya fi mini, nesa ba kusa ba. Ko da wanne aka yi, in ya sha da kyau yakan yi watanni bai lalace ba, shi ya sa amarya ke cin na gararta har ta daina baƙunta.

Ran Salla, in an sauko daga idi, an kallo hawan Galadima a Malumfashi ko na Sarkin Maska a Funtuwa, yara kan dawo fututu da ƙura, su yi layi a ƙofar ɗakin kaka. Sai ta jawo samira daga ƙarƙashin gado, ta buɗe, ta miƙa wa kowa ɗaya, ta ce a kai wa maƙwabta nasu tun bai ƙare ba.