Mutum-mutumin Roba a Horon Likitocin Gaggawa

Horon kwaikwayo hanya ce da likita ke koyon ceton rai a jikin mutum-mutumin roba kafin ya taɓa majinyaci. Asmund Laerdal, mai ƙera kayan wasan yara a Norway, ya fito da Resusci Anne a 1960. A kansa ake maimaita danna ƙirji sau 30 da hura numfashi sau 2 har hannu ya saba, kuma kuskure a nan ba ya kisa.

Batun ya shafi Yauri, Ngaski da Shanga, inda jiragen ruwa ke jigilar 'yan kasuwa. Hatsarin Warra na Mayun 2021 ya ci rayuka da dama. Wanda ya nutse iska yake buƙata tun a gaɓa, domin ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin 'yan mintuna.