Korgom

Korgom gari ne kuma ƙaramar hukumar karkara a gundumar Tasawa, jihar Maraɗi, a kudancin Jamhuriyar Nijar. Yana kudu maso gabas da garin Tasawa, ba nisa da iyakar Najeriya. Korgom ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 7 na gundumar. Sauran su ne Tasawa, Bawdeta, Hawandawaki, Kona, Maijirgi da Urafan.

Ƙasar jigawa ce mai rairayi, damina kuma daga Yuni zuwa Satumba take. Mafi yawan mazauna Hausawa ne manoma, akwai kuma Fulani da Buzaye makiyaya. Ana noma gero, dawa, wake da gyaɗa, sau da yawa a haɗe cikin gona guda.

Garin mazaunin sarkin kanton Korgom ne. An kafa ƙaramar hukumar a 2002, aka yi zaɓen kansiloli na farko ranar 24 ga Yuli 2004; a wancan lokacin kansiloli ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu. A Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rushe majalisun ƙananan hukumomin ƙasar, ta naɗa kantomomi a madadinsu.