Filin Wasan Kwalejin Katsina

Ran 5 ga Maris, 1922, Gwamna Kilifot ya buɗe Kwalejin Katsina, a zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Nufin hukuma shi ne a horar da malaman makaranta domin lardunan Arewa. Amma malaman Turawa ba su tsaya ga alli da allo kaɗai ba, sai da suka kawo wasanni, watau tamaula da kurket da fayis. In an tashi daga aji da la'asar, kowane ɗalibi sai ya fita fili.

A wancan zamani iyaye da yawa suna ganin guje-guje bayan ƙwallo aikin shashasha ne. To, amma ku dubi abin da fili yake koyarwa. Samari sun taru daga Sakkwato da Barno da Bauci da Ilori, kowa da harshensa da irin tarbiyyarsa. Da an jefa ƙwallo, ɗan sarki da ɗan talaka duk dokar alƙalin wasa ɗaya suke bi, wanda kuwa ya ƙi miƙa wa ɗan'uwansa ƙwallo, shi ne zai jawo a ci su. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Cikin waɗanda suka taka wannan fili akwai Ahmadu Bello, wanda ya yi karatu can daga 1926 zuwa 1931, ya kuma shahara wajen fayis. Akwai Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya shiga a 1928. Daga baya ɗaya ya zama Firimiyan Jihar Arewa, ɗaya Firayim Ministan Nijeriya. A 1938 aka mai da kwalejin Kaduna, a 1949 aka kai ta Zariya, a 1971 aka raɗa mata suna Barewa. Ɗalibanta da suka zama malamai suka tafi da al'adar wasa makarantun Midil na larduna.

Mutanen Daura ma suna da nasu rabo cikin labarin nan. Da aka kafa Lardin Katsina a 1934, Daura tana ciki, 'ya'yanta suka riƙa zuwa Katsina neman ilmi. Ɗaya daga cikinsu, Muhammadu Buhari, shi ne Shugaban Ƙasa a watan Agusta, 1985, sa'ad da yaran Nijeriya 'yan ƙasa da shekara 16 suka ci Jamus ta Yamma biyu da babu a ƙasar Sin, suka ɗauko kofin duniya. Shi ya karɓe su da suka komo gida.

Saboda haka, ya ku iyaye da kuka yaƙi jahilci da girmanku, in yaro ya gama karatunsa na yini ya nemi zuwa fili, kada ku hana shi. Ku dai lura kada wasa ya cinye lokacin salla da na littafi. Allah ya shirya mana zuriya, amin.