Yadda Ƙanƙara Ta Shiga Jinyar Targaɗe

A ƙasar Auyo, inda manomi kan yini yana taka laka mai santsi a fadamar kogin Hadejia, targaɗen idon sawu ba baƙo ba ne. Tun kaka da kakanni, idan ƙafa ta gurɗe, gidan mai ɗori ake nufa. Ya ja, ya murza, a gasa da ruwan zafi, a shafa man shanu ko man kaɗanya. Ƙanƙara kuwa, in ban da wadda kan zubo tare da ruwan sama, sai da firji ya shigo muka san ta.

A wasu ƙasashe, magani da sanyi ya daɗe. Hippocrates, likitan Girka da ya rayu fiye da shekara 2,000 da suka shuɗe, ya ba da shawarar a kwarara ruwan sanyi a kan gaɓar da ta kumbura. A shekarar 1978 ne wani likitan 'yan wasa a Amurka, Dakta Gabe Mirkin, ya tattara jinyar targaɗe cikin kalmar RICE, wato hutu, ƙanƙara, naɗe gaɓa da bandeji, da ɗaga ƙafa. Daga filin ƙwallo ta bazu zuwa asibitocin duniya, har da namu.

A 2014 shi da kansa ya gyara maganarsa. Ya ce kumburi wani ɓangare ne na warkewa, domin ta hanyarsa jiki ke tura ƙwayoyin gyara zuwa wurin rauni, ƙanƙara kuwa tana tsuke hanyoyin jini, tana iya jinkirta aikin. Abin da aka tabbatar mata shi ne rage raɗaɗi.

Saboda haka a yi amfani da ita daidai gwargwado. A kwana biyun farko, a naɗe ƙanƙarar leda cikin ƙyalle, a ɗora minti 10 zuwa 15, a cire, a bari sai bayan sa'o'i biyu ko uku. Kada ta taɓa fata kai tsaye. Mai ciwon suga da ƙafarsa ba ta ji sosai ya guje ta. A waɗannan kwanaki a jinkirta gashi da murza da man zafi, domin suna ƙara kumburi. Da ciwo ya lafa, a fara takawa a hankali.

Ƙanƙara dai ba ta haɗa ƙashi. A 1992 likitoci a birnin Ottawa na Kanada sun fitar da ma'auni mai sauƙi: wanda ya kasa yin taku huɗu, ko yake jin zafi idan aka danna ƙashin idon sawu, yana buƙatar hoto. Irin wannan a kai shi Babban Asibitin Hadejia kafin kowa ya ja ƙafar, domin karayar da aka ɗauka targaɗe ce kan raba manomi da gonarsa damina guda.

Allah Ya ƙara mana lafiya.