Alkawarin baka: Abin da ke sa 'yan ƙwallon sakandare a Amurka juya wa jami'o'i baya

A ranar 15 ga Disamba, 2021, Travis Hunter, ɗalibi mai shekara 18, ya bayyana a gaban kyamarori a makarantarsa ta Collins Hill da ke jihar Georgia. A lokacin shi ne ake ɗauka a matsayin gwanin gwanaye a cikin ɗaliban sakandare masu buga ƙwallon ƙafar Amurka, wasan nan mai kama da zari-ruga. Tun watan Maris na 2020 ya yi alkawarin shiga Jami'ar Florida State, kuma kowa ya sakankance cewa ranar zai rattaba hannu. Sai ya yi jifa da hular jami'ar, ya ɗora ta Jackson State, wata ƙaramar jami'a a Mississippi da aka kafa domin baƙaƙen fata, inda tsohon tauraro Deion Sanders ke koci.

Magoya bayan Florida State sun yi ta yi masa tofin Allah-tsine a shafukan sada zumunta. Amma Hunter bai karya wata doka ba. Abin da ya yi, ɗalibai da dama na yin irinsa a kowace shekara, kuma fahimtar dalili na buƙatar sanin yadda kasuwar take, da wanda alkawari ke ɗaurewa a cikinta, da wanda ba ya ɗaurewa.

Me ya sa jami'a ke zawarcin ɗan sakandare?

A Amurka jami'o'i ne ke rainon 'yan wasan da za su shiga NFL, babbar gasar ƙwararru. Dokar gasar ta hana a ɗauki ɗan wasa sai ya yi shekara 3 da kammala sakandare, don haka kusan kowa sai ya bi ta jami'a. Wasannin jami'o'in kansu babbar sana'a ce. Filin Jami'ar Michigan na ɗaukar 'yan kallo fiye da 107,000. Rukunin jami'o'i na Big Ten ya ƙulla yarjejeniyar talabijin ta fiye da dala biliyan 7 na shekara 7, wadda ta fara aiki a 2023. A 2024 Jami'ar Georgia ta mayar da albashin kocinta, Kirby Smart, dala miliyan 13 a shekara.

Duk wannan dukiya ta dogara ne da samun yara masu hazaƙa. Shafuka irin su 247Sports da Rivals da ESPN suna auna ɗalibai, suna ba su taurari, mafi girma shi ne tauraro 5. Kociyoyi na bin su har gida, suna cin abinci da iyayensu, suna gayyatar su yawon ganin jami'a. Abin da aka saba miƙawa a hukumance shi ne karatu kyauta, da masauki da abinci.

Bambancin alkawari da takarda

Matakai biyu ne, kuma a tsakaninsu rikicin yake. Na farko shi ne alkawarin baka: koci ya ce akwai gurbi, ɗalibi ya sanar da cewa ya amince. NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i tun 1906, ba ta ɗauki wannan furuci a matsayin abin da ke ɗaure kowa ba. Sauran jami'o'i na da 'yancin ci gaba da zawarci, kuma suna yi. Ana iya yin alkawarin tun yaro bai mallaki hankalin kansa ba. A 2010 David Sills ya yi wa Jami'ar USC alkawari yana ɗan shekara 13. Kocin da ya ba shi gurbin, Lane Kiffin, an sallame shi a 2013, shi kuma Sills ya janye, ya ƙare a West Virginia.

Mataki na biyu shi ne sa hannu. Daga 1964 ana amfani da wata takardar ƙuduri ta ƙasa, wadda ke wajabta wa ɗalibi zama a jami'ar na shekara ɗaya, ita kuma ta ɗauki nauyinsa na wannan shekara. Wanda ya saɓa bayan sa hannu yana iya rasa damar buga wasa na shekara guda, sai fa idan jami'ar ta sake shi. Takardar kuma tsakanin ɗalibi da jami'a take, don haka ko kocin da ya jawo shi ya tafi washegari, ɗaurin na nan. A watan Oktoba na 2024 NCAA ta soke takardar a babban rukuninta, ta maye gurbinta da yarjejeniyar tallafin karatu, wadda ita ma da zarar an sa mata hannu sauran jami'o'i za su daina tuntuɓar ɗalibin.

A da, ranar Laraba ta farko a watan Fabrairu ce ranar sa hannu. A 2017 aka ƙara wani wa'adi a watan Disamba, kuma yanzu mafi yawan fitattun ɗalibai a lokacin suke rattaba hannu. Wannan ya sa makonnin ƙarshen Nuwamba da farkon Disamba suka zama kakar sauya sheƙa.

Dalilan janyewa

Babban dalili, kuma mafi daɗewa, shi ne tafiyar koci. Ƙarshen Nuwamba ne lokacin da jami'o'i ke korar kociyoyi da ɗaukar sababbi, daidai lokacin da ake jiran yara su sa hannu. A ranar 28 ga Nuwamba, 2021, Lincoln Riley ya bar Oklahoma ya koma USC. Cikin 'yan kwanaki Malachi Nelson, ɗaya daga cikin fitattun ɗaliban da suka yi wa Oklahoma alkawari, ya janye ya bi shi. Da Nick Saban ya yi ritaya daga Alabama a ranar 10 ga Janairu, 2024, Ryan Williams ya janye alkawarinsa, sannan bayan ya gana da sabon koci ya sabunta shi. Yawancin yaran mutum suke yi wa alkawari, domin shi ne ya shiga gidansu, kuma tsarin wasansa ne zai nuna ko za a ga bajintarsu.

Dalili na biyu shi ne damar buga wasa. Matsayi irin na jagoran kai hari, mai jefa ƙwallo, mutum ɗaya ke riƙe shi a fili. Tun da aka buɗe kundin masu neman sauya jami'a a watan Oktoba na 2018, aka kuma sassauta dokar sauyin a 2021 da 2024, koci na iya ɗauko gogaggen ɗan wasa daga wata jami'a rana ɗaya. Ɗan sakandaren da ya ga an cike gurbinsa kafin ya iso, yakan nemi inda ba zai shekara yana ɗumama benci ba.

Akwai kuma iyali da gida. Dylan Raiola ya yi wa Ohio State alkawari a 2022, ya janye, ya yi wa Georgia a 2023, sannan a watan Disamba na wannan shekarar ya zaɓi Nebraska, inda mahaifinsa ya yi wasa, kawunsa kuma ke cikin masu horarwa a lokacin. Wani lokaci matsin lambar kan rikita yaro gaba ɗaya. A watan Disamba na 2022 Peyton Bowen, wanda ya daɗe da yi wa Notre Dame alkawari, ya sanar da cewa ya zaɓi Oregon, amma washegari sai ga shi ya sa hannu da Oklahoma.

Shigowar kuɗi a fili

Tsawon shekaru NCAA ta hana 'yan wasa karɓar ko sisi bayan tallafin karatu, bisa hujjar cewa su ɗalibai ne masu wasa don sha'awa. Katangar ta fara tsagewa a 2019, lokacin da jihar Kalifoniya ta yi dokar ba su damar cin moriyar sunansu. A watan Yuni na 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka su 9 suka yanke hukunci baki ɗaya a kan NCAA a shari'ar Alston, kuma daga 1 ga Yuli na wannan shekarar aka halatta wa ɗan wasa samun kuɗi da sunansa da hotonsa, tsarin da ake kira NIL.

A kan takarda, kuɗin talla ne. A aikace, attajiran magoya bayan jami'o'i sun kafa asusai suna tara miliyoyi domin jawo 'yan wasa. Da NCAA ta yi yunƙurin hana ciniki da ɗaliban da ba su shiga jami'a ba tukuna, jihohin Tennessee da Virginia suka kai ta kotu, kuma a watan Fabrairu na 2024 wani alƙalin tarayya ya dakatar da ita. A watan Nuwamba na wannan shekarar Bryce Underwood, wanda ke kan gaba a ajinsa, ya janye daga LSU ya koma Michigan, jami'ar jiharsu. Rahotannin kafofin yaɗa labarai sun ce tayin da aka yi masa ya haura dala miliyan 10 a shekara 4.

Idan kiɗa ya sauya, rawa ma kan sauya. Alkawarin da yaro ya yi yana aji biyu na babbar sakandare, kafin farashinsa ya tashi, yanzu ya zama matakin farko na ciniki.

Idan jami'a ce ta lashe amanta

Ɓangaren da ba a cika yayatawa ba shi ne cewa jami'o'i ma suna warware alkawari. Sukan rarraba tayin baka fiye da guraben da suke da su nesa ba kusa ba, sannan su tace. Erik Swenson ya yi wa Michigan alkawari a 2013, ya riƙe shi fiye da shekara 2. A watan Janairu na 2016, saura makonni a sa hannu, ya bayyana cewa sababbin masu horarwa ƙarƙashin Jim Harbaugh sun shaida masa ba shi da gurbi. Ya yi sa'a Oklahoma ta ɗauke shi. A 2015 Jami'ar Louisville ta nemi Matt Colburn ya jinkirta shigarsa, saura kwanaki kaɗan a sa hannu, sai ya koma Wake Forest.

Sau da yawa ba a fito fili a ce an janye gurbi. Waya ce kawai za ta daina shigowa, yaro ya gane da kansa, ya rubuta sanarwar janyewa. Da yake dokar NCAA ta hana kociyoyi yin magana a bainar jama'a a kan ɗalibin da bai sa hannu ba, jami'a na da mafakar yin shiru, sunan yaron ne kaɗai zai fito a labari. Saboda haka wani ɓangare na abin da ake ƙirgawa a matsayin janyewar ɗalibai, kora ce cikin ladabi.

Darasin Jaden Rashada

Labarin Jaden Rashada ya nuna inda haɗarin ke sauka. A watan Yuni na 2022 ya yi wa Miami alkawari. A watan Nuwamba ya sauya sheƙa zuwa Jami'ar Florida, bayan wata yarjejeniya da asusun magoya bayanta wadda aka ruwaito ta kai dala miliyan 13.85. Yarjejeniyar ta rushe. Ya sa hannu a Disamba, ya nemi a sake shi a Janairu na 2023, ya tafi Arizona State, daga nan Georgia, daga baya Sacramento State, wadda a lokacin take ƙaramin rukuni.

A watan Mayu na 2024 ya shigar da ƙarar kocin Florida na lokacin, Billy Napier, da wani attajirin mai goyon bayan jami'ar da wani tsohon jami'inta, yana zargin sun yaudare shi, har ya yi asarar tayin dala miliyan 9.5 da ya ce an yi masa a ɓangaren Miami. Waɗanda ake ƙara sun ƙi amincewa da zargin, suka nemi kotu ta yi watsi da shi. Ko mene ne gaskiyar abin da ya gudana, matashin da aka yi wa lissafin miliyoyi ya tsinci kansa yana yawo tsakanin jami'o'i.

Inda doka ta tsaya

A ranar 6 ga Yuni, 2025, Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun shari'ar House. NCAA da manyan rukunan jami'o'i za su biya kimanin dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga 'yan wasan da aka hana samun kuɗi a baya. Kowace jami'a da ta shiga tsarin tana iya biyan 'yan wasanta kai tsaye, har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. An soke iyakar tallafin karatu 85 da ƙungiya ke iya bayarwa, aka ƙayyade yawan 'yan wasa zuwa 105. Duk wata yarjejeniyar talla da ta kai dala 600 kuma dole a kai ta a tantance.

Sulhun bai mayar da 'yan wasan ma'aikata ba. Ba su da ƙungiyar ƙwadago irin ta 'yan NFL da za ta yi ciniki a madadinsu, kuma alkawarin baka yana nan yadda yake, ba ya ɗaure kowa. Kocin da ya karya kwantiragi, sabuwar jami'arsa kan biya masa diyya, wanda aka kora kuma yakan tafi da miliyoyi. Ɗalibi ba shi da wannan kariya, kuma lokacin cinikinsa gajere ne. Fiye da yara miliyan 1 ne ke buga wasan a sakandaren Amurka, kuma ƙiyasin NCAA ya nuna ƙasa da kashi 2 cikin 100 na 'yan wasan jami'a ne NFL ke ɗauka. Rauni ɗaya a gwiwa na iya rufe ƙofar. Da yawa daga cikinsu baƙaƙen fata ne daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, waɗanda wannan zaɓi shi ne jarin iyali gaba ɗaya.

Hausawa na cewa alkawari kaya ne. A wannan kasuwa, an daɗe ana ɗora kayan a kan mafi ƙarancin shekaru. Shi kansa Travis Hunter shekara ɗaya ya yi a Jackson State. Da Deion Sanders ya karɓi aikin koci a Colorado, ya bi shi can, ya lashe kyautar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'a a 2024, kuma ƙungiyar Jacksonville Jaguars ta ɗauke shi a matsayi na 2 a zaɓen 'yan wasan NFL na 2025.