Tarihin Farantin Sola

Farantin sola na'ura ce da ke mayar da hasken rana wutar lantarki kai tsaye, babu inji, babu mai. Ana harhaɗa shi da ƙananan ƙwayoyi, galibi na silikon, sinadarin da ake tacewa daga ma'adinin da yashi ke ɗauke da shi. Idan haske ya sauka a kan ƙwayar, sai ya zaburar da ilektaron da ke cikinta, su kwarara ta waya. Masana sun daɗe da sanin haka. Abin da ya ci fiye da ƙarni guda shi ne rage tsadarsa har talaka ya iya saye.

Mafari

A 1839 wani Bafaranshe ɗan shekara 19, Edmond Becquerel, ya lura cewa lantarki na fitowa idan haske ya taɓa ƙarfen da aka tsoma cikin ruwan sinadari. A 1876, a Landan, William Adams da Richard Day suka nuna cewa sinadarin seleniyam ma yana yin haka ba sai da ruwa ba. Charles Fritts ya ƙera ƙwayar farko a New York a 1883, ya shafa wa seleniyam zinariya siririya, amma kusan kashi ɗaya cikin ɗari na hasken kawai take juyawa. Bayanin Albert Einstein na 1905 a kan yadda haske ke fizgo ilektaron ya ba masana ginshiƙin fahimta, shi ne kuma ya jawo masa kyautar Nobel ta 1921.

Zamanin silikon

A Afrilun 1954 ɗakin binciken Bell na Amurka ya gabatar da ƙwayar silikon da Daryl Chapin da Calvin Fuller da Gerald Pearson suka ƙera, mai juya kashi shida cikin ɗari. Tsadarta ta hana ta shiga gidaje, sai masu harba tauraron ɗan'adam suka karɓe ta, domin a sararin samaniya ba a zuwa canja batir. Vanguard 1, da aka harba a 1958, ya ci gaba da aiko saƙo da ƙarfin rana har 1964.

A doron ƙasa, wuraren da wayar lantarki ba ta kai ba su ne suka fara cin moriyar sola. A ƙarshen shekarun 1960 Nijar ta yi amfani da sola wajen kunna talabijin na koyarwa a makarantu, kuma Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ƙasar.

Faɗuwar farashi

Tashin farashin mai na 1973 ya sa gwamnatoci zuba kuɗi a bincike. A 1985 ayarin Martin Green na Jami'ar New South Wales a Ostareliya ya kai ƙwayar silikon ga juya kashi 20 cikin ɗari na haske. Japan ta soma tallafa wa masu ɗora sola a rufin gida a 1994. A 2000 Jamus ta kafa dokar da ta tilasta sayen wutar da masu sola suka samar a farashi tsayayye na shekara 20. Kasuwar da wannan doka ta buɗe ita ta ciyar da masana'antun Sin gaba, irin su Suntech da ɗalibin Green, Shi Zhengrong, ya kafa a 2001. Yau Sin ke ƙera fiye da kashi 80 na farantan duniya. Wat ɗaya da ake saye sama da dala 70 a 1977, yanzu ko rabin dala bai kai ba.

Halin da ake ciki

A 2022 jimillar solar da aka girka a duniya ta haura terawat ɗaya. Ban da silikon, akwai faranti masu shafe siriri na kadmiyam da teluriyam, ga kuma ferobsikait da aka fara gwadawa a Japan a 2009. Wutar dare ce babbar matsalar da ta rage, shi ya sa bincike ya karkata ga batir. Duk da haka, fasahar da a da sai tauraron ɗan'adam ke iya ɗaukar kuɗinta, yau ita ke jawo ruwan rijiyar burtsatse da sanyaya allurar rigakafi a asibitocin karkara.